Ruwan lagireto na ƙarewa amma ban ga inda yake yoyo ba, a taimaka mani da shawara

Ɗan Daura:

Assalamu alaikum jama'a, ya aiki ya zafi. Dan Allah masu sanin kan mota ku taimaka mani, wallahi abin nan ya fara damuna sosai. Corolla ce 2005 mai injin 1.8, otomatik, shekara shida kenan tana hannuna ba ta taɓa wahalar da ni ba sai bana. Aiki nake a nan cikin Katsina iyali kuma suna Daura, duk Juma'a in an sauko masallaci nake kama hanya sai Lahadi da yamma in juyo, wajen kilomita 80 ne zuwa kawai, banda zirga-zirgar cikin gari.

Tun da bazara ta kama na lura ruwan lagireto na sauka. Da farko sai in yi sati biyu kafin in ƙara kofi guda, to yanzu abin ya kai gorar lita ɗaya da rabi ba ta kai ni Daura in dawo. Abin da ya ɗaure mani kai shi ne ba na ganin ko ɗigo ɗaya a ƙasa, na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta kwana uku a jere, da safe in jawo shi a bushe ƙamas. Juma'ar da ta wuce kuma bayan na baro Mashi ban kai Shargalle ba sai na ga allurar zafi ta wuce rabi tana ta hawa, ga esi a kunne, na yi maza na sauka gefen titi na kashe ta, na zauna gindin wani dogon yaro kusan awa guda kafin ta huce na zuba ruwa na lallaɓa zuwa gida.

Na kai ta wurin mutum biyu. Na farko ko bonet bai gama ɗagawa ba ya ce tof gaskit ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, sai an sauke kan inji, kuɗin da ya faɗa mani kuwa ya kusa cinye albashin wata. Na biyu ya ce ba wani gaskit, in sayo wani garin magani da ake zubawa a lagireto ya toshe duk wata kafa shikenan. Na rasa wanda zan bi a cikinsu.

Wani abu da ƙila yana da amfani in faɗa, lokacin da na saye ta jan ruwan lagireton nan na kanti da ake kira kulant ne a ciki, shekara uku da suka wuce wani da ya yi mani sabis ya zubar da shi ya ce ruwan famfo ma ya isa, ya cire tamostat, wato abin nan da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya yi zafi, ya ce na ƙasar sanyi ne, ya kuma haɗa fanka kai tsaye da an tada mota take juyawa. Tun lokacin ruwan bohol nake zuba mata, wataran fiya wata in a hanya nake. To in yarda a buɗe injin ne ko in zuba garin? Juma'a na tafe ga iyali na jira.

Mai Golf 3:

Wa alaikumus salam Malam. Kar ka yarda kowa shi taɓa maka kan inji, inji in an buɗe shi aikin bai yi kyau ba, ba ya komawa yadda yake. Mu da ke wuni kan titi mun saba da wannan, ni Golf nike ja Katsina zuwa Kano kullum ta Allah, in ta fara yoyo a hanya ɗanyen ƙwai nike fasawa in zuba farin cikin robar ruwa, in ba ƙwai garin barkono ko kuka cokali biyu, da ruwa ya ɗau zafi sai shi je shi liƙe wurin. Akwai ranar da ta tsiyaye mani tsakanin Charanchi da Kankia mota cike da fasinja, ƙwai biyu na saya wurin mai shayi, ilai kau har Kano ban ƙara ruwa ba. Maganar tamostat kau mutumin nan gaskiyarshi ce, mu da rana ke wuce 40 a bazara me za mu yi da shi, tasharmu da wuya ka iske mai shi. Gwada ƙwan ka gani.

Baba Makanike:

Malam sannu, Allah ya kiyaye gaba, kuma ka kyauta da ka kashe ta nan take ba ka ce bari in ƙarasa ba, da yawan injin da ake kawo mani ya ƙone "bari in ƙarasa" ce ta ƙone shi. Ni tun zamanin Fijo 504 ta Kaduna nake riƙe da sifana, abin da zan ce maka duka mutanen nan biyu sun yi gaggawa. Ba a sauke kan inji a kan zato, ba a kuma zuba gari a kan zato. A nemo inda ruwan ke fita tukuna sannan a yi maganar abin da za a saya.

Kwalinka ya bushe ne don da dare mota a sanyaye take. Lagireto rufaffen wuri ne, in inji ya yi zafi ruwa ya kumbura firesha ta taru a ciki, lokacin ne tsaga mai kamar silin gashi take buɗe baki ta riƙa fesowa, ruwan ya sauka kan ƙarfe mai zafi ko iskar fanka ta kwashe shi ya bushe tun bai kai ƙasa ba. Ka kashe mota ta huce tsagar ta koma ta rufe bakinta. Amma ruwa ba ya wucewa bai bar sawu ba, tunda na bohol kake zubawa nemi jan layi na tsatsa ko farin abu kamar kanwa ya bushe a jikin ƙarfe, inda ka gan shi bi shi sama, can yoyon yake.

Gobe da sassafe kafin ka tada ta, ɗauki tocila ka fara da murfin lagireto. Juya shi ka dubi robar da ke ƙasa, in ta tsattsage ko ta ƙandare ko sifirin ya saki to murfin ba ya riƙe firesha, ruwa zai riƙa gudu cikin jarkar gefe ya cika ta ya zube kana tafe ba ka sani ba. Shi ne abu mafi araha a duk tsarin kuma shi aka fi mantawa da shi. Daga nan dubi kan lagireton kansa, naku na yanzu sama da ƙasa roba ce aka matse ta a jikin alminiyom da ƙananan haƙora, mota mai shekarun taka robar nan ta gama dahuwa, baƙa ce tun asali in ka ga ta koma ruwan ƙasa-ƙasa to ta kusa, kuma ta fi tsagewa kusa da wuyan murfi ko inda babban tiyo ya shiga. Matsa tiyon sama da na ƙasa da hannu, wanda ya yi laushi tuɓus ko ya kumbura wajen kilif ya gama aiki. Ka leƙa gefen da bel yake, wato hannun fasinja, wata famfo, wato famfon da ke tura ruwa cikin inji, na nan, yana da wani ɗan rami a ƙasansa da aka yi musamman don in sil ɗin ciki mai tare ruwa ya mutu ruwa ya fito ta nan, ka ga sawu a wurin ko kana jin ƙara kamar ana niƙa to shi ne. Sai tiyo biyu ƙanana a bayan inji da suka shige cikin mota wajen hita, sa hannu ƙarƙashin kafet ɗin gaba ka ji ko da danshi.

In ido bai gani ba akwai famfon gwaji, kamar na ba keke iska ne mai agogo a jiki, ana ɗaura shi a wuyan lagireto mota a sanyaye a buga iska har lambar da ke rubuce kan murfinka, wasu 0.9 ne wasu 1.1, kar a wuce ta. A bar shi minti 15. Allura ta tsaya cak babu yoyo, ta fara sauka sai a bi da tocila za a ga inda yake tsattsafowa. Tambayi masu gyaran lagireto, ba kowane gareji ke da shi ba amma akwai.

Shi gaskit yana da alamunsa. Farin hayaƙi mai kauri a salansa wanda ba ya ɗaukewa ko mota ta yi zafi, baƙin mai ya koma kamar shayi mai madara a sandar awo ko ƙarƙashin murfin mai, mota ta riƙa rawa in an tada ta da safe, fulogi ɗaya ya fito fes kamar an wanke shi sauran da baƙi. Buɗe murfi tana sanyi ka cika ruwa ka tada, in kumfa na ta fitowa ba ƙaƙƙautawa, ko tiyon sama ya yi tauri kamar dutse cikin minti biyu inji bai ko ɗumama ba, to hayaƙin silinda ke shiga ruwa. Mai na iya zama garau alhali gaskit ya ƙone, shi ya sa ba a tsayawa kan alama ɗaya, akwai ma wani shuɗin ruwa na gwaji da ake sawa a bakin lagireto, in hayaƙin inji na shiga sai ya juye ruwan ɗorawa. Wanda ya ce maka gaskit bai duba ko ɗaya cikin waɗannan ba, ce mashi ya nuna maka.

Kai kuma ɗana mai Golf ban ƙaryata ka ba, ƙwai na toshewa, mu ma mun yi a daji lokacin da ba yadda za mu yi. Sai dai ƙwai bai san ramin yoyo da hanyar ruwa ba, duk inda ya samu ƙunci nan zai zauna, hanyoyin cikin lagireton yanzu kuwa sirara ne tsinken tsintsiya da ƙyar zai shiga. Na sha buɗe lagireto in iske rabinsa a cushe da abu kamar tuwo, mai motar na ta mamakin me ya sa take zafi alhali ruwa a cike. Dabarar fita daji ce, ka iso gari a wanke a gyara. Garin kanti ma haka, kuma tsagar roba ko ta tiyo ba ya riƙe ta ko kaɗan.

Ɗan Daura:

Baba Allah ya saka da alheri ya ƙara lafiya. Yau bayan asuba na bi abin da ka ce. Baƙin mai lafiya lau, ba hayaƙi a salansa sai ɗan tururin farko da ya ɗauke nan da nan, na buɗe murfi na tada ta kusan minti biyar ban ga kumfa ba, kafet ma a bushe. Amma robar murfin duk ta tsattsage har wani gefen ya gutsure, kuma saman lagireton ya koma ruwan ƙasa kamar yadda ka faɗa, akwai wani farin abu da ya bushe ya gangaro ta bayan wuyan, gefen da ke kallon inji, da ban sa tocila ba ba zan gan shi ba. Jarkar gefe kuwa cikinta ja wur da tsatsa. Na samu wani mai gyaran lagireto da ya ce yana da famfon, gobe zan kai. Tambayata, in an gyara in koma sayen kulant ne ko ruwan ma ya isa? Don mutane da yawa ce mani suke kala ce kawai ake sayar mana.

Injiniya Ƙofar Ƙaura:

Malam bari in sa baki kan wannan ta ƙarshe, sauran Baba ya gama magana. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100 a bakin teku, mu nan Katsina da muke sama da teku da wajen mita 500 yana tafasa tun a 98. Injinka kuma a 85 zuwa 95 yake aikinsa na yau da kullum, a gosulo da esi ya kan ɗara haka, ka ga tazarar ba ta da yawa. Abin da ke hana shi tafasa murfin nan ne, firesha ta 0.9 ko 1.1 tana tura tafasar ta kai wajen 120. Murfi ya mutu wannan tazarar ta tafi, ruwa ya fara zama tururi a cikin kan inji, tururi kuma ba ya ɗaukar zafi kamar ruwa, abin da ya same ka bayan Mashi kenan ga ruwan ma ya riga ya yi ƙasa.

Kulant da aka haɗa rabi da rabi yana ƙara wajen digiri 6 ko 7 a kan haka, amma gaskiya ba wannan ne babban amfaninsa a wurinmu ba, ruwa zalla ma ya fi shi saurin kwasar zafi. Amfaninsa maganin tsatsa da ke ciki. Dubi cikin butar shayin da ake dafa ruwan bohol kullum, farin ɓawon nan da ke kama gindinta, to shi ke kama hanyoyin lagireto da cikin inji, ga tsatsa na cin duk wani ƙarfe da ruwan ya taɓa har fikafikan wata famfo, alminiyom kuma ya riƙa rarakewa. Jarkarka da ka gani ja wur shekara ukun nan ce ka gani.

Motarka na cin wajen lita 6 da rabi. Na Toyota mai ruwan hoda a haɗe yake zuwa ba a ƙara masa ruwa, a sabuwar mota yana kai kilomita 160,000 ko shekara 10, bayan nan duk 80,000 ko shekara 5. Jan na da shi wajen shekara biyu ake canzawa, kuma yawanci mai kauri ne sai an sirka. In mai kaurin ka samu kar ka zuba shi zalla, raba shi biyu da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, ruwan nake nufi ba asid ba, a tabbatar kafin a zuba. Masu cewa kala ce kawai ba su yi ƙarya duka ba, akwai na bogi a kasuwa ruwa ne da kala, shi ya sa ka karanta jikin galan ka sayi rufaffe a shagon da ka yarda da shi, kuma kar a gauraya iri biyu don wasu in sun haɗu laka suke zama.

Abu ɗaya da nake roƙon kowa, kulant guba ne kuma zaƙi gare shi, yana kashe ƙoda. Kar a juye ragowar a gorar lemo a aje a gida yara na gani, wanda aka zubar a gareji kuma kar a bar shi kwance awaki da kaji su sha.

Mai Golf 3:

To Baba na ji ta ƙwai, kuma gaskiya bayan wancan ranar sai da aka kwance lagireton aka wanke don ta riƙa zafi a gosulon Kano, ban kawo ƙwan ba ne sai yanzu da ka faɗa. Amma tamostat fa ban yarda ba. Na taɓa ganin wanda ya maƙale a rufe, ruwa bai zagaya ba injin abokina ya tafi a hanyar Jibia. Abin da babu shi ai ba ya maƙalewa.

Baba Makanike:

Ɗana abin da ka gani gaskiya ne, yana maƙalewa, amma me ke maƙalar da shi? Tsufa da tsatsar ruwan bohol. Maganinsa sabo, ba cirewa ba. Na irin motar Malam a wajen digiri 82 yake fara buɗewa, da ya buɗe ruwa na wucewa ba ya tare komai, to zafin Katsina ba ruwansa da shi. Kuma akwai wani aikinsa da mutane ba su sani ba, a injuna da yawa yana da wani faifai a gindi wanda in ya buɗe hanyar lagireto sai ya rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa a cikin inji, ka cire shi wani ruwan zafin zai riƙa komawa inji bai je lagireto ya sha iska ba. Da hunturu kuma inji ba ya kai zafinsa, kwamfutar mota ta ɗauka har yanzu sanyi ake ta riƙa ƙara fetur, kai da ke sayen mai kullum kai ke biya. Fanka kai tsaye ita ma ɓoye ciwo ce, motarta na ƙonewa da wuri, ranar da ta tsaya a gosulo sai dai ka ga tururi. Da sensa da rile kamfani ya haɗa ta, mai waya ya mayar da ita yadda take.

Maman Khalifa:

Sannunku da ƙoƙari, ina ta bin maganar nan don ni ma Honda nake ja kuma na sha wannan wahalar bara, tawa ta hita ce, kafet ɗin gefen fasinja kullum a jiƙe ga wani wari mai zaƙi-zaƙi gilashi na yin hazo, na ɗauka ruwan esi ne sai da aka duba, aka haɗe tiyon biyu ta baya aka kewaye hitar kafin in samu kuɗin gyara. Amma abin da ya sa na yi magana, Malam na ji ka ce ka jira awa guda kafin ka buɗe, dan Allah duk mai karantawa ya yi haka. Ƙanena a gabana ya buɗe murfin lagireto mota na tafasa, tsumma kawai ya sa, ruwan ya yi tsiri ya watso masa a hannu da ƙirji, ya fi wata yana jinya har yau tabon na nan. Mutanen wurin wani na cewa a shafa man goge baki wani na cewa a fasa ƙwai wani baƙin mai, a asibiti aka ce mana duk ba a yi, ruwa mai sanyi za a yi ta kwararawa a wurin kamar minti 20, ba ƙanƙara ba, sannan a rufe da tsumma mai tsabta a taho.

Baba ina da tambaya, kan lagiretona shi ma ya ɗan tsage an liƙe mani da gam ɗin aradayit wata biyu kenan, zai riƙe ko in fara tanadi?

Baba Makanike:

Hajiya Allah ya ƙara wa ƙanenki lafiya. Fara tanadi. Robar nan kullum cikin kumbura da motsewa take, gam ba ya bin ta, yana iya kai ki wata uku yana iya saki gobe, kuma in zai saki a doguwar hanya yake saki. Da can lagireton 504 tagulla ne, ya huje mu sa dalma mu liƙe ya ƙara shekaru, na roba ba haka yake ba. Ko a canza kan gaba ɗaya da sabuwar robar da ke tsakani in cikin lagireton na da kyau, ko a sa wani. Kafin nan kar ki yi nisa da gari, ki riƙa duba ruwa kowace safiya.

Ɗan Daura:

Jama'a na dawo da labari, Alhamdulillah ba gaskit ba ne. Da aka ɗaura famfon ko minti uku ba a yi ba allura ta fara sauka, sai ga ruwa na tsattsafowa a bayan wuyan lagireto daidai inda farin abun nan yake, tsagar ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba kuma in an sassauta iskar sai ta ɓace ko ka ƙura ido ba ka ganinta. An gwada murfin shi ma ba ya riƙe komai. Da ya cire kan don ya canza sai muka ga hanyoyin ciki da yawa sun toshe da farin ɓawo da tsatsa, ya ce gara a sa wani gaba ɗaya, na sa sabo da murfi da tiyon sama da kilif. An wanke inji da ruwa har sau huɗu kafin ya fito garau, an mayar da tamostat, mai waya ya gyara fanka yanzu sai ta yi zafi take tashi ta kuma tsaya da kanta, aka zuba kulant. Duka kuɗin bai kai rabin abin da mai gaskit ya nema ba. Hajiya na gode da tunatarwa, Injiniya ragowar galan ɗin na kulle shi a but ban kai gida ba.

Sai dai Baba yau da safe na ga jarkar gefe ta sauka daga layin sama zuwa kusan na ƙasa, gabana ya faɗi. Kuma ya nuna mani ɗan sawu kaɗan a ƙasan wata famfo ya ce a sa ido. In kama hanyar Daura gobe ko in dakata?

Baba Makanike:

Madalla Malam. Saukar nan ta farko kar ta tada maka hankali, iska ce da ta maƙale lokacin zubawa take fita ruwa na cike gurbinta. Yau da yamma in ta huce sarai ka faka ta gabanta ya ɗan ɗaga, buɗe murfi ka cika, murɗa hita zuwa zafi ka tada ta, ka riƙa matsa tiyon sama a hankali kana ƙarawa in ya sauka, har tiyon ƙasa ya yi zafi alamar tamostat ya buɗe, fanka ta tashi ta tsaya sau biyu, ka kula da yatsunka da bakin rigarka wajen fanka da bel. Sai ka rufe, ka cika jarka zuwa layin sama da kulant ɗin da ya rage, ba ruwa ba, ka sa alama da biro a jikinta.

Tunda otomatik ce duba tiyo biyu ƙanana na man giya da ke shiga ƙasan lagireto, a tabbatar an ɗaure su da kyau ba sa naso, a kuma auna man giyar don ana asarar kaɗan wajen canji. Wata famfon kuwa kar ka raina sawun nan, shekara uku yana juya ruwan tsatsa, kuma yanzu da murfi ke riƙe firesha sosai duk wani wuri mai rauni zai bayyana, wani ramin ma tsatsa ce ta toshe shi wankin nan ya buɗe. Kana iya tafiya gobe, riƙe galan ɗinka a but, idonka kan allura, in ka kai Mashi tsaya ka ɗaga bonet ka haska ƙasan famfon ba tare da ka taɓa murfi ba. Asabar da Lahadi da safe ka dubi alamar biron tana sanyi, in ruwan ya tsaya a wurin shikenan, in ya ci gaba da sauka ko sawun ya jiƙe to Litinin a canza famfon, a duba bel ɗin ma tunda sai an cire shi.

Ɗan Daura:

To Baba in sha Allah haka zan yi, yanzu ma zan fita in sa alamar. Lahadi in na dawo zan faɗi inda ruwan ya tsaya.